Babi na Tara: Kafin Kwalba Ta Dawo

Wanda ya saba da tashar motar Wadata ya san ba ƴan kasuwa kaɗai motocin gabas suke saukewa ba. A cikin fasinjojin Dosso da Gaya da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, kullum akwai waɗanda jinya ce ta kawo su Yamai. Ba su da wuyar ganewa. Jakar tufafi tana kan ɗan rakiya, amma ledar takardu tana hannun mai ciwon, ba ya yarda ya sake ta. A ciki akwai takardar da asibitin garinsu ya turo shi da ita, da tsofaffin takardun magani, da rasit da suka koɗe. Zai sauka gidan wani nasa a Wadata ko unguwannin da ke kewaye, kuma kafin ya koma gida ledar nan sai ta ninka kauri.

Takarda guda za mu bi a babin nan: wadda ake ba mutum bayan an leƙa babban hanjinsa da na'ura an tarar da tsiro. Wani lokaci a ƙasanta, ko a kan takardar inshora da ke biye da ita, akan ga harafi ɗaya da ƴan lambobi, K51.4. Mai ciwo ba ya karanta su, ɗan rakiya ma haka, wanda ya rubuta su kuwa sau da yawa bai ɗauke su a bakin komai ba. Ni kuwa ina ganin ƴan lambobin nan na iya raba mutum da lafiyarsa da kuɗinsa idan aka rubuta su kafin lokacinsu.

Babban hanji ya kai tsawon mita ɗaya da rabi. Cikinsa lulluɓe yake da wata fata mai laushi, kuma duk wani nama da ya taso daga wannan fata ya leƙo cikin hanyar bahaya, shi ne tsiron da likitoci ke kira polip. Ba duka ne iri ɗaya ba. Akwai ƙanana da ba su da wata illa. Akwai wanda ake kira adinoma, wanda shi ne abin tsoro, domin daga irinsa ne mafi yawan ciwon dajin hanji ke tasowa, a hankali, cikin shekara goma ko makamancin haka. Sai na uku, tsiron kumburi, wanda shi ne zancenmu.

Shi wannan, a gaskiya, tabo ne. Idan ciwo ya daɗe yana cin fatar hanji, sai gyambo ya buɗe nan da can, ya warke, ya sake buɗewa. Manomi ya san yadda zaizayar ruwa ke yi wa gona: ruwa ya kwashe ƙasa ya bar ƴan tuddai tsaye, ka gan su kamar sun taso, alhali ƙasar gefensu ce ta tafi. Haka ragowar fata mai lafiya ke tsayawa tsakanin gyambuna, sannan naman warkewa ya ƙaru a kanta. Tsiron kumburi ba ya rikiɗa ya zama daji da kansa. Amma shaida ne cewa wuta ta taɓa ci a wurin, yana iya zubar da jini, idan ya yi girma ko ya yi yawa yana iya toshe hanya, kuma yana iya ɓoye wa mai leƙe wani mugun tsiro da ke tsakiyarsu. Ƙwararren likita yakan yi hasashe da ido, kuma sau da yawa hasashen ya yi daidai. Hukunci dai ba na ido ba ne. Sai an tsinko ɗan nama, an jefa a kwalba mai ruwan formol, an kai ɗakin gwajin nama da ma'aikatan lafiya a Yamai ke kira anapat, an yanka shi siriri an duba da madubin ƙara girma.

To, ina lamba ta shigo?

Tun a 1893 wani masanin ƙididdiga na birnin Paris, Jacques Bertillon, ya gabatar da jerin musabbaban mutuwa a wani taro a Chicago, don birane da ƙasashe su riƙa ƙirga matattunsu da ma'auni guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamar jerin a 1948, ta shigar da cututtukan da ba lalle su kashe ba. Bugu na goma, wanda takardun Faransanci ke kira CIM-10, na Ingilishi kuma ICD-10, an amince da shi a 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi daga 1994. Na sha ɗaya an amince da shi a 2019, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022, sai dai har yanzu na goman ne a hannun mafi yawan asibitoci da kamfanonin inshora. A cikinsa kowace cuta tana da harafi da lamba. Cututtukan ciki da hanji suna ƙarƙashin K. Ƙari marar mugunta yana cikin D, daji yana C, cututtukan da ƙwayoyi da tsutsotsi ke kawowa suna A da B.

Saboda haka abin da mai ciwo ya ji an kira da suna ɗaya, "tsiro a hanji", a littafin ya watse wurare dabam-dabam. Tsiron da ba a fayyace irinsa ba K63.5 ne. Adinoma tana D12, kuma lamba ta ƙarshe tana nuna inda take: D12.0 a farkon babban hanji, D12.5 a lanƙwasar da ke kusa da ƙarshe, D12.6 idan ba a faɗi wurin ba. Idan ya riga ya zama daji, C18. Tsiron kumburi kuwa K51.4.

Ga inda gizo ke saƙa. K51 rukuni ne na wata cuta guda, gyambon babban hanji mai kai da komowa, wadda likitocinmu ke taƙaita sunanta da RCH. Cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi hanjin mai ita, ba ta warkewa da magani sai dai a lallaɓa ta, wani har ƙarshen rayuwa. An ajiye tsiron kumburi a wannan rukuni ne domin a Turai da Amurka, inda aka tsara littafin, ita da ƴar'uwarta cutar Crohn su ne suka fi haifar da shi. Duk wanda ya ga K51.4 a kan takarda, ko likita ne a Maraɗi ko akawun inshora a Yamai ko kwamfutar ma'aikatar lafiya, abin da zai karanta shi ne: wannan mutum yana cikin masu gyambon hanji na dindindin.

A bakin kogin Kwara kuwa lissafin ya bambanta. RCH tana nan a Nijar, likitoci suna ganinta, amma ba ita kaɗai ke cin hanji har ta bar tabo ba. Akwai atuni, wanda ƙwayar amiba ke kawowa ta gurɓataccen ruwa da abinci. Yana buɗe gyambo, har yakan tara wani dunƙulen nama da ake iya ɗauka daji ne, kuma shi lambarsa A06.3. Akwai tarin fuka na hanji. Akwai kuma tsargiya. Mu dai ta fitsarin jini muka fi sani, amma akwai irin da tsutsarta ke zama a jijiyoyin hanji, tana zuba ƙwai a bangonsa, jiki ya kewaye ƙwan da nama har tsiro ya fito. A Masar an daɗe da sanin manoman da hanjinsu ya cika da irin wannan tsiro. A Nijar an san wannan tsargiya a yankin Gaya tun da daɗewa, daga baya aka same ta a ƙauyukan noman rani na bakin kogi a jihar Tilaberi. Lambarta B65.1, maganinta ƙwayar firazikwantel, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum, irin wadda ake raba wa ƴan makaranta tun da aka fara gangamin yaƙi da tsargiya a 2004.

Mu ƙaddara wani manomin shinkafa ne daga wajen Gaya, ya shekara yana ganin jini a bahaya. Ya sha maganin basir na gargajiya, ya sha na kanti, domin a wurinmu duk jinin da ya fito ta nan basir ne har sai abin ya gagara. Ya iso Yamai, ɗan ƙanwarsa da ke da rumfa a kasuwar Wadata ya karɓe shi. Ya sha ruwan wanke ciki, an leƙa, an ga tsiro da yawa. Idan a ranar aka rubuta K51.4 aka sallame shi, likita na gaba da zai ga takardar yana iya ɗora shi a kan magungunan RCH, ciki har da kortikoyid masu kwantar da garkuwar jiki. Ga mai tsargiya, wannan kashe kuɗi ne wata da watanni a kan abin da ƴan ƙwayoyi za su kashe tushensa. Ga mai atuni abin ya fi muni, domin kortikoyid na iya sa amiba ta yi ƙarfi har hanji ya huje. Idan kuwa akasin haka aka yi, adinoma ce aka kira ta tsiron kumburi, to an ce wa mutum ya kwantar da hankalinsa a daidai lokacin da ya kamata a sa masa ranar dawowa. Mai adinoma ana so a sake leƙa shi bayan shekara uku zuwa goma, gwargwadon girmanta da yawanta. Mai RCH ana fara sa masa ido don gudun daji bayan kamar shekara takwas da fara ciwon. Mai tsargiya a kashe tsutsa, a duba hantarsa, a yi masa bayanin ruwan da yake shiga. Hanyoyi uku ne da ba sa haɗuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda igiyar ke tsinkewa. A wurare da yawa, bayan an gama leƙe, kwalbar naman hannun dangi ake miƙa ta, su za su kai ɗakin gwaji, su biya kuɗi dabam, su dawo karɓar sakamako bayan kwanaki ko makonni. A lokacin kuɗin guzuri ya ƙare. An biya ganin likita, an biya gwajin jini, an sayi ruwan wanke ciki, an biya leƙen da allurar barci. Damina ta kusa ko shinkafa na jiran yanka. Sai ka ji dattijo ya ce:

"Ɗana, ai lokotoro ya ce ya cire abin. Me kuma za a biya wa kwalba?"

"Kawu, sun ce sai an auna za a san irinsa."

"Allah ya riga ya sani. Kai dai nemo mini mota."

Ba wauta ba ce ta sa ya faɗi haka. A ganinsa an yi babban aiki an gama, wannan kuwa ɗan ƙarashe ne da ake iya yafewa. Babu wanda ya zauna ya gaya masa cewa dukan kuɗin da ya kashe a baya don a samo abin da ke cikin kwalbar nan ne. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a raba kuɗin leƙe da na gwajin nama a matsayin ciniki biyu. Ya kamata tun ranar da ake gaya wa mutum abin da zai tanada a haɗa masa su, kuma asibiti ne ya dace ya ɗauki kwalba ya kai, ya karɓo sakamako, ya kira mai ciwo a waya. Gidaje da yawa yanzu akwai salula. Sakamakon da ya kwana a aljihun tebur a Yamai alhali mai shi yana Gaya, da shi da babu duk ɗaya.

Ƙa'idar masu sa lamba ma ta san da wannan jira. A tsarin Amurka, ga marar lafiyan da ba a kwantar ba, an hana sa lambar cutar da ake zato kawai; abin da aka tabbatar shi ake rubutawa. Kafin sakamako ya zo, akwai lambar zubar jini ta dubura, K62.5, akwai ta tsiron da ba a fayyace ba, K63.5. Faɗin gaskiyar abin da aka sani zuwa yau ke nan, ba gazawa ba.

Yanzu ga kuɗi. A Nijar ba lambar cuta ce ke yanke farashi ba, aikin da aka yi ne: ganin likita kaza, leƙe kaza, kwanciya kaza. Tun bayan shirin Bamako na 1987 da dokar 1995 da ta kafa biyan kuɗin jinya a ƙananan asibitoci, marar lafiya da danginsa su ne manyan masu biya. A ƙididdigar shekarun nan, wajen kashi 40 cikin 100 ko fiye na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar daga aljihun iyalai yake fita kai tsaye. Rangwamen da aka yi a 2005 da 2006 ya shafi haihuwa ta hanyar fiɗa da awon ciki da yara ƴan ƙasa da shekara biyar, daga baya aka ƙara da dajin mama da na mahaifa. Hanjin magidanci bai shiga ciki ba. Sai a watan Agustan 2024 gwamnati ta zabge rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da kwanciya da fiɗa a asibitocinta, daga 1 ga Satumba. Wannan sauƙi ne na gaske ga mai zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, ko na Amiru Bubakar Jallo da ke Lamorde, ko sabon babban asibitin da ƙasar Sin ta gina. Rabin mai yawa dai har yanzu yawa ne ga wanda ya sayar da akuya kafin ya hau mota.

Wani abu da ke rikita masu duba takardar kuɗi: tsarin da Faransa ta bar wa ƙasashen da ta raina yana ƙirga ayyukan asibiti da haruffa, C ga ganin likita, B ga gwajin jini da makamantansa, Z ga hoto, K ga aikin hannun likita, kowane harafi da farashinsa, a ninka da lambar da ke gefensa. Wannan K ta lissafin kuɗi ba ta da dangantaka da K ta CIM-10. Ɗaya tana faɗin abin da aka yi maka, ɗaya tana faɗin abin da ke damunka.

Ga ƴan ƙalilan masu inshora, ma'aikatan bankuna da kamfanoni da ƙungiyoyin agaji, a nan ne biyun suke haɗuwa. Likitan kamfanin inshora yana duba ko aikin da aka nemi a biya ya dace da cutar da aka rubuta. Idan bai dace ba, takarda ta dawo, asibiti ya juyo kan marar lafiya. Kuma sunan cuta mai daɗewa, da zarar ya shiga fayil ɗin mutum, yana da wuyar fita. Yana iya biyo shi ranar da zai sabunta yarjejeniya ko ya nemi inshorar rai don karɓar bashin banki. A gefe guda kuma akwai jarabar da kowane tsarin biya ke haifarwa: a zaɓi lambar da ta fi saurin wucewa, ba wadda ta fi gaskiya ba. Mai yin haka yakan ce taimakon marar lafiya yake yi. Taimako ne na yau, da ke barin ƙarya a takardar da wani likita zai dogara da ita bayan shekara biyar.

Wanda yake son ganin inda abin ke kaiwa idan lamba ta zama ita ce kuɗi, ya dubi Amurka. Tun 1 ga Oktoban 2015 suke aiki da nasu bugun na littafin, mai lamba kusan dubu saba'in. A can K51.4 kaɗai ba ta wucewa. Sai an ce K51.40 idan babu wata matsala, K51.411 idan da zubar jini, K51.412 idan hanji ya toshe, K51.413 idan ya huda hanya zuwa wani sashe, K51.414 idan ya tara mugunya. Bugun nasu ya kuma faɗa ƙarara cewa tsiron kumburi ba ya shiga K63.5. Aikin ma da nasa lambobin: 45378 leƙe kawai, 45380 idan an tsinko nama, 45385 idan an cire tsiro da zarge. Dubban mutane sana'arsu ke nan, karanta rahoton likita da fitar da lamba. Duk da haka tsarin ya haifi abin takaici. Wata doka ta 2010 ta sa leƙen riga-kafi ya zama kyauta ga mai inshora, amma tsofaffin da ke ƙarƙashin inshorar gwamnati ta Medicare, idan aka tarar da tsiro aka cire a lokacin, sai aikin ya tashi daga riga-kafi ya koma magani, mutum ya farka da bashin kashi 20 cikin 100. Sai a ƙarshen 2020 majalisarsu ta yi dokar rage wannan kaso a hankali har ya ƙare a 2030. Kusa da mu, Hausawan zangon Kumasi da Nima sun san wani salon: inshorar ƙasa ta Gana, da aka kafa a 2003, tun 2008 take biyan asibitoci bisa rukunin cuta, don haka takardar neman biya ba ta tafiya sai da lamba. Nijeriya ta yi dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya. Nijar ma ta sa ƙafa a hanyar inshorar kowa da kowa, kuma ranar da ta kankama, lambar da yau ake rubutawa a gurguje ita za ta zama mabuɗin baitulmali. Gara a koyi rubuta ta daidai tun kuɗi bai hau kanta ba.

Akwai mai karatu na ƙarshe da ba ya taɓa ganin fuskar marar lafiya, wato ƙasa. Alƙaluman asibitoci suna hawa zuwa ma'aikatar lafiya ta manhajar DHIS2, masu ciwon daji kuma suna shiga rajistar da aka buɗe tun 1992 a tsangayar koyon likitanci ta Jami'ar Abdu Mumuni, wadda a ɗakin gwajin nama take samun mafi ingancin bayananta. Da waɗannan alƙaluma ake yanke shawarar magungunan da za a sayo, da yawan likitocin ciki da masu gwajin nama da za a horar, da garin da za a kai na'urar leƙe. Idan aka tara masu tsargiyar hanji a cikin K51, takarda za ta nuna wata cutar garkuwar jiki tana yaɗuwa, a yi odar magani mai tsada, alhali magudanar ruwan wata fadamar shinkafa ce ta cika da dodon-koɗi mai ɗauke da tsutsa. Idan kuwa sakamako ya nuna ƙwai a bangon hanji aka rubuta B65.1 tare da sunan ƙauyen da mutumin ya fito, ma'aikatan yaƙi da tsargiya sun sami inda za su nufa da ƙwayoyinsu, kuma ƴaƴansa da maƙwabtansa da ke shiga ruwan nan tare da shi za su sha magani tun hanjinsu bai yi gyambo ba.